Jifa da Jefawa

Shekarar da na koma Kumasi domin karatun digirin digirgir, ƙaramar kalma guda ta Ingilishi ta ja wa ɗana kwana uku a gida. Abokinsa ne ya roƙe shi ruwa a filin wasa, ya jefa masa gorar, yaron bai cafe ba, ta same shi a goshi. Makaranta ta nemi bayani a rubuce, ni kuwa na rubuta cewa "he threw the bottle at his friend". Shugabar makarantar ta karanta, ta ce ai magana ta ƙare, tunda uba da kansa ya shaida ɗansa ya yi jifa. Abin da ya kamata in sa shi ne "to". Ni da na je wanke yaro, sai ga shi na shafa masa kashin kaji da alƙalamina.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, Hausa ba ta taɓa ruɗa ni a wannan gaɓar ba. Ko yaron goye ya san bambancin "ya jefa masa gora" da "ya jefe shi da gora". Na farko miƙawa ne, na biyu hari. Sai dai Hausa a jikin aikatau take ajiye bambancin. Tsarin giredi bakwai da F. W. Parsons ya fitar a 1960 ya nuna haka: "jefa" giredi na ɗaya ne, "jefi" da "jefe" na biyu, "jefo" kuma na shida, mai nuna abu ya taho wajen mai magana. Ingilishi kuwa yakan bar aikatau yadda yake, ya ɗora nauyin a kan 'yar kalmar da ke biye da shi.

Da na gane haka sai na daina tambayar kaina mece ce fassarar "at" ko "to". Nakan fara faɗin jimlar da Hausa, in saurari niyyar da ke cikinta. Idan ƙwala wa mutum kira na yi, "shout to" ne. Idan tsawa na daka masa, "shout at" ne. Wanda aka yi wa dariya an yi masa "laugh at", wanda aka dara tare da shi kuwa "laugh with". Da irin waɗannan aikatau, "at" yakan mai da mutum abin bara, kamar tsuntsu a gaban mai danƙo.

Saboda haka, ɗalibi, kada ka haddace "throw" shi kaɗai a littafinka. Rubuta shi sau biyu, kowanne da 'yar rakiyarsa da jimlar Hausa a gefe. Ɗana ya girma yanzu, amma har yau idan na ce ya miƙo mini makulli daga nesa, yakan tsaya ya tambaye ni: "Baba, in jefo maka, ko in jefe ka?"