Tambayar da Gwaggo ta aiko

Wata ranar Laraba bayan la'asar, Inna ta shigo zaure ta isar wa mahaifinmu da saƙon ƙanwarsa. Gwaggo ta fi shekara shida da daina al'ada, sai ga jini ya dawo mata. Tana tambaya: ta bar salla, ko kuwa jinin ciwo ne? Malam ya ba da amsar da ke cikin littafi, cewa ta yi tsarki ta ci gaba da sallarta. Sannan ya juyo gare mu ya ce: "Kai da ka yi lakkal, ɗauko takardunta. Sauran amsar tana wajen likita."

Shekara uku ke nan da aka yi wa Gwaggo aikin sankarar nono. A takardar gwajinta an rubuta RE+ da RP+, kuma mu ne muka zauna gaban likita har muka fahimci ma'anarsu. Ma'ajiyar ƙwan mace tana fitar da sinadarai biyu, estrojin da projestaron. Suna bin jini su shiga ƙwayoyin halittar nono da na mahaifa, inda wasu furotin ke tarbarsu kamar yadda kwado ke karɓar makullinsa. Da sun haɗu, ƙwayar ta samu umarnin girma da rabuwa, har ma ta sauya furotin da ke lulluɓe da bayanta. Ɗaya daga cikinsu, MUC1, projestaron ne ke ƙara shi a bangon mahaifa. Ƙwayoyin sankarar nono kuwa suna tara shi fiye da kima, ɓarɓashinsa ya zuba cikin jini, shi ne ake aunawa da sunan CA 15-3. Alamar nan ta + tana nufin ciwon Gwaggo da estrojin yake ƙoshi.

Ba yau aka gano haka ba. Tun 1896 wani likita a birnin Gilasgo, George Beatson, ya ba da labarin matar da ya cire wa ma'ajiyar ƙwai, ƙarin da ke nononta ya lafa, alhali ba a ma san sunan sinadarin ba a lokacin. Yau ƙwaya ɗaya a kullum, tamoksifen, tana toshe wa estrojin ƙofa a nono. Ita aka rubuta wa Gwaggo na shekara biyar.

Abin da muka manta, kuma laifinmu ne domin an faɗa mana, shi ne maganin yana da fuska biyu. A mahaifa yakan yi aiki irin na estrojin ɗin da kansa: bango ya yi kauri, wani lokaci tsiro ya fito, a wasu ƴan mata ƙalilan har ya kai ga sankara, musamman waɗanda suka daina al'ada. Amfaninsa ya rinjayi wannan haɗari nesa ba kusa ba, amma da sharaɗin a kai rahoton duk jinin da aka gani. Mu kuwa kunya ta hana mu maimaita wa Gwaggo wannan magana da Hausa. Wane ɗa ne zai dubi ƙanwar ubansa ya ambaci jini? Ita ma ta ɓoye wata biyu, kuma ba don salla ba da ba ta furta ba.

Washegari Inna ta raka ta asibiti, muka tsaya a bakin ƙofa riƙe da takardu. Eko ya nuna kaurin bango. Aka ciro ɗan tsiro aka aika gwaji, muka yi kwanaki muna jira, kowa na guje wa idon ɗan'uwansa. Sakamako ya zo babu sankara, alhamdu lillahi. Likita ya sauya mata magani zuwa letrozol. Yanzu ƙorafinta ciwon gwiwa ne, kuma wannan kam a gaban kowa take faɗinsa.