Wuri Da Ɗan'uwansa Na Gulbin Rima

Mai karatu, ko ka san cewa wuri, kuɗin kakanninmu, ƙoƙon katantanwar teku ne? Daga tsibiran tekun Indiya fatake suka riƙa kawo shi har ƙasar Hausa. Kowa ya san wuri, amma ɗan'uwansa da ke bakin madatsar ruwan Goronyo, wadda aka kammala a 1984, kaɗan ne suka damu da shi.

Ni kam tun ina yaro nake ganinsa maƙale a ciyawar ruwa da magudanun masu noman albasa. Ɗan mitsitsi ne, kamar ƙwayar gyaɗa. Masana suna kiransa Bulinus. Ga yadda ake gane shi: ka ɗaga tsininsa sama, bakinsa ya fuskance ka. In bakin ya faɗo hagu, to hattara, domin galibin katantanwa dama suke buɗewa.

A jikinsa ƙwayar tsargiya ke girma. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe ya shige shi, bayan 'yan makonni tsutsotsi su fito su huda fatar yaro mai wanka ko masunci.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, har yau wasu na cewa fitsarin jini alamar balaga ce. Haba jama'a! Ciwo ne mai lalata mafitsara, kuma akwai maganinsa a asibiti, Praziquantel. A kai yaro tun da sauran dama.

Allah Ya ba mu lafiya, amin.