Kotu Ta Rufe Littafi, Gari Bai Rufe Baki Ba



Mu da muke riƙe da alƙalami a zauren dattawan Zango mun san nauyin kalmomi biyu fiye da kowa, wato "an janye". Da zarar an rubuta su sai a rufe littafi, a shafa fatiha, kowa ya kama gabansa. Waɗannan kalmomi ne suka kawo ƙarshen wata shari'a a Ingila a 2023, amma har yau ba su kawo ƙarshen gardama ba, tun daga Manchester har gidajen kallon ƙwallo na zangunanmu a nan Gana, inda samarinmu suka san 'yan wasan Firimiya kamar 'yan ɗakinsu.

Maganar Mason Greenwood ce, ɗan wasan gaba da Manchester United ta rena tun yana yaro. A ranar 30 ga Janairun 2022, yana da shekara 20, 'yan sanda suka kama shi bayan wasu hotuna da wata murya da aka naɗa sun bazu a intanet. Ƙungiyar ta dakatar da shi, kamfanin Nike ya yanke hulɗa da shi. A watan Oktoba aka tuhume shi da laifi uku: yunƙurin fyaɗe, da duka mai haddasa rauni, da takura wa mace tare da juya rayuwarta. An sa ranar shari'a a Nuwamban 2023, amma ba a kai ga ranar ba. A ranar 2 ga Fabrairun 2023 hukumar gabatar da ƙararraki ta soke tuhumar, tana mai cewa manyan shaidu sun janye, wasu sabbin bayanai kuma sun fito, don haka babu kyakkyawan zaton za a iya samun sa da laifi. Shi kuwa ya ce bai aikata abin da aka zarge shi da shi ba, ko da yake ya yarda ya yi kurakurai a zamantakewarsa.

Daga nan jama'a suka rabu gida biyu. Wasu suka ce an wanke yaro, ƙarya ta ƙare, a mayar masa da rigarsa. Wasu suka ce kunnensu ya ji muryar, idonsu ya ga hotunan, ba su buƙatar alƙali. Mu dai a ganinmu kowane ɓangare ya ɗora wa kotu maganar da ba ta faɗa ba.

A Ingila mai gabatar da ƙara yana auna abu biyu kafin ya tsaya gaban alƙali: ko hujjar da ke hannunsa za ta iya kai wa ga kama mutum da laifi, da ko shari'ar za ta amfani jama'a. In ma'auni na farko ya rushe, dole ya ajiye fayil, ko da me zuciyarsa ke raya masa. Abin da ya faru ke nan. Ba a saurari shaida ba, ba a yi wa kowa tambayoyi ba, ba a yanke hukunci ba. A wurin doka Greenwood ba shi da laifi, kuma wannan haƙƙinsa ne da babu mai ƙwace masa. Haka kuma babu alƙalin da ya ce mai ƙorafin ta yi ƙarya. Tun muna gaban malamanmu aka koya mana cewa alƙali da zahiri yake aiki, abin da ke ɓoye kuwa yana wurin Mai shi. Wanda ya kira saurayin mai laifi ya wuce gona da iri, wanda ya kira yarinyar maƙaryaciya shi ma ya wuce, har ma ya ƙara da zaluntar wadda dokar ƙasarsu ta hana a ambaci sunanta.

Abin da ya fi damun mu shi ne saurin da mutane ke yi wajen fassara janyewa da cewa dama babu komai. Shekarun da muka yi muna rubuta sulhu sun nuna mana janyewa iri-iri ce. Akwai wadda ke janyewa don an daidaita da gaske. Akwai wadda ke janyewa don wanda take ƙara shi ne mai biyan kuɗin haya da na makarantar yara. Wata tsoron bakin dangi ne, kada a ce ta tona asirin gida. Wata gajiya ce da zirga-zirga. Wata kuwa so ne, wanda ba ya jin shawara. Duka a takarda kamarsu ɗaya. Ba mu jingina ko ɗaya daga ciki ga shari'ar Manchester ba. Muna dai cewa kalmar ita kaɗai ba ta isa hujja ba. Turawan Ingila ma sun san da haka, shi ya sa a 2015 suka mayar da takura wa abokin zama laifi mai zaman kansa, wanda ɗaurinsa kan kai shekara 5, suka kuma ba masu gabatar da ƙara damar ci gaba da shari'a ba tare da mai ƙorafi ba in akwai wata hujjar da za ta tsaya da ƙafarta.

Da kotu ta tsame hannunta, sai kaya ya dawo kan ƙungiya. Manchester United ta yi kusan wata 6 tana nata binciken. Da labari ya fita cewa tana shirin dawo da shi, sai wasu magoya bayanta, mata a sahun gaba, suka yi zanga-zanga a Old Trafford. A ranar 21 ga Agustan 2023 ƙungiyar ta ce a bisa abin da ta gani bai aikata laifukan ba, amma zai ci gaba da wasa a wani wuri. Wannan matsaya ba ta gamsar da kowa ba, domin ƙungiya ba kotu ba ce, kuma mai kaya ba ya zama alƙalin kayansa. Aka ba Getafe ta Sifaniya aronsa, sannan a Yulin 2024 aka sayar wa Marseille ta Faransa, duk da magajin garin ya fito fili ya ce bai so. A kakarsa ta farko can ya ci ƙwallo 21 a gasar ƙasar, daidai da Ousmane Dembélé. Tun daga lokacin muka lura yawancin masu gardamar sun koma lissafin ƙwallaye. A nan muke jin tsoro ga samarinmu, kada su tashi da tunanin cewa gwaninta tana goge tambaya, ko cewa wanda ke kawo riba ba a bin sawunsa.

Mu ma muna da doka. Gana ta kafa dokar hana cin zarafi a cikin gida a 2007, akwai kuma sashen 'yan sanda na DOVVSU da ke karɓar irin wannan ƙorafi. Sulhu alheri ne, kuma da shi aka san zaurukanmu. Gaskiya ne tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa, sai dai wannan karin magana ba a yi shi don karyayyen hannu ko kumburarren ido ba. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya sun daɗe da tabbatar wa mace haƙƙin kai kuka wurin alƙali, har da neman rabuwa, in ana cutar da ita.

Saboda haka roƙonmu ga iyayenmu dattawa da duk mai shiga tsakanin ma'aurata shi ne, in mace ta ce ta janye, kada a yi gaggawar shafa fatiha. A ji ta bakinta ita kaɗai, tare da wata dattijuwa da ta yarda da ita, ba a gaban mijin da danginsa ba. A tambaye ta inda za ta kwana da abin da za ta ci. A sa ranar da za a sake leƙa ta. In akwai rauni a kai ta asibiti, a bar hukuma ta yi aikinta. Ku kuma samari, in gardamar Greenwood ta sake tashi a gidan kallo, ku tsare harshenku daga mutum biyun nan, domin ba ku halarci abin da ya faru ba, kuma za a tambaye ku abin da kuka faɗa.

Allah Ya zaunar da gidajenmu lafiya, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci. Amin.