Urfa, Birnin Masu Goyo

A kudu maso gabashin ƙasar Turkiyya, dab da iyakar Siriya, akwai wani tsohon birni mai suna Shanliurfa, amma mutanensa Urfa kawai suke ce masa. Baƙo ba ya rasa ziyartar tafkin Balikligol, inda mutanen garin suka gaji labari cewa nan ne Sarki Lamarudu ya jefa Annabi Ibrahim cikin wuta, wutar ta zama ruwa, itacen kuma ya zama kifaye. Har yau ba mai cin kifin nan. Wanda ya zauna bakin ruwan da la'asar zai lura da yawan mata masu ciki da masu shayarwa. Duk ƙasar babu lardin da ya kai wannan haihuwa: a 2023 lissafi ya ba kowace mace 'ya'ya fiye da 3, alhali na ƙasa baki ɗaya bai kai 2 ba.

To, a nan ne maganar sankarar nono take da wuya. Ita ce sankarar da ta fi kama matan Turkiyya, kuma takan kama da yawansu kafin su kai shekara 50. Hukumar lafiya ta kafa cibiyoyi da ake kira KETEM, inda ake ɗaukar hoton nono kyauta kowace shekara 2, amma sai ga mai shekara 40 zuwa 69. Wadda ba ta kai ba, hannunta ne abin dogaronta: ta lalube kanta sau ɗaya a wata, ta kuma je likita ya duba ta. Sai dai nonon mai shayarwa cike yake, ga tauri. In ta ji ƙullutu, sai ta ɗauka ruwan nono ne ya daskare, uwar miji kuma ta ce a gasa da ruwan ɗumi. Galibi hakan ne kuwa. Amma ƙullutun da ya yi mako biyu bai baje ba, na likita ne. Shayarwa tana rage haɗarin cutar, ba ta kawar da shi.

Ga kuma harshe, don a ƙauyukan Harran akwai matan da Larabci ko Kurdanci ya fi zauna musu a baki bisa Turkanci, wanda da shi ake rubuta takardun faɗakarwa. Dubban iyalai kuwa sukan bar lardin tun bazara, su tafi ƙodago gonakin Konya da na bakin Baƙin Teku, ba su komowa gida sai kaka, lokacin tsinkar auduga.