Kalmar da Na Daɗe Ina Fassarawa Ba Daidai Ba

A darasin fassara na makon jiya, na ba ɗalibaina wani labari daga Amurka game da makarantun da ake kira cata. Kusan dukkansu sun rubuta "makarantu masu zaman kansu". Na ja layi a ƙarƙashin wannan fassara, amma ban rage wa kowa maki ba, domin ni ma haka na yi ta fassara kalmar shekara da shekaru. Abin da ya faru a jihar Ohayo ne ya sa na gane kuskurena.

Cata takardar yarjejeniya ce. Gwamnati ce ke biyan kuɗin karatun, iyaye ba sa biyan ko sisi, amma wata ƙungiya ce ke tafiyar da makarantar. Akan sassauta mata wasu ƙa'idoji, ita kuma ta yi alkawarin ilimi mai inganci. Jihar Minesota ce ta fara kafa irin wannan doka a 1991. Kuɗin kuwa da yawan ɗalibai ake lissafa shi: in sunaye sun ƙaru a rajista, kuɗi ya ƙaru.

A Ohayo an yi wata makaranta mai suna ECOT, wadda aka buɗe a 2000, yara na karatu daga gida ta intanet. A 2016 ma'aikatar ilimi ta jihar ta nemi shaidar sa'o'in da yaran suka yi suna karatu. Makarantar ta karɓi kuɗin ɗalibai kimanin 15,000, amma shaidar da ta iya kawowa ba ta kai ta rabinsu ba. Aka umarce ta ta mayar da dalar Amurka kusan miliyan 60 na shekara guda, sannan aka ƙara mata wasu miliyan 19 na shekarar da ta biyo baya. A Janairun 2018 aka rufe ta, ana tsakiyar shekarar karatu, yara kusan 12,000 suka shiga neman inda za su koma. Waɗannan yaran ne suka fi tsaya mini a rai, domin ba su suka ci kuɗin ba, amma su suka fara ɗanɗana kuɗarsa.

Tun kafin a kai ga haka majalisar dokokin Ohayo ta fara gyara. A 2015 gwamna John Kasich ya sa hannu a dokar da ta tsaurara sa ido a kan hukumomin da ke ba makarantun izini. Ta toshe hanyar da makarantar da ta gaza ke bi ta sauya mai kula da ita don ta tsira, ta kuma wajabta wa kamfanonin da ke gudanar da makarantun su yi ƙarin bayani a kan yadda suka kashe kuɗi. A Kalifoniya ma, a 2019 gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a dokar da ta ce tarukan shugabannin waɗannan makarantu su zama a buɗe ga kowa, mai son ganin takardunsu ya gani, kuma kada shugaba ya yanke shawarar da za ta kai kuɗi aljihunsa. Wata dokar ta shekarar ta dakatar da buɗe sababbin makarantun da ba a zuwa aji har tsawon shekara biyu.

Magoya bayan tsarin suna da tasu hujjar, kuma ban raina ta ba. Sukan ce ƴancin da aka ba makarantun shi ne amfaninsu, in aka ɗaure su da ƙa'idoji masu yawa, masu aikin kirki ma za su shaƙe. Amma a ganina ƴancin zaɓen hanyar koyarwa daban ne, ɓoye littafin lissafi daban. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

A nan ne fassara ta shigo. Idan muka ce "mai zaman kanta", Bahaushe zai ɗauka makarantar kuɗi ce, wadda mai ita ya gina da guminsa, sai ya yi mamakin abin da ya kai majalisa cikin lissafinta. Da kalma ɗaya mun ba ɓangare guda gaskiya ba tare da mun sani ba. Idan kuma muka ce "makarantar gwamnati", mun ɓoye cewa wasu ne ke tafiyar da ita. Shi ya sa yanzu nake cewa "makarantar yarjejeniya", sannan a ambato na farko in ƙara bayani cewa gwamnati ke biya, wasu ke gudanarwa.

Wata ɗaliba ta ba da shawarar "makarantar amana". Kalmar ta burge ni, sai dai ina tsoron tana yabon makarantar tun kafin a duba littafinta. Na bar muku wannan a matsayin aikin gida: ku gwada kalmomin biyu a cikin labarin ECOT, ku rubuto mini wadda ta fi zama a kunnenku da dalilinku.