Yaro Mai Gida Biyu

A wata unguwa cikin birnin Kano akwai wani yaro, shekararsa 12 sa'ad da ubansa ya ba uwarsa takardar saki. Uwar ta koma gidan iyayenta, da ta gama idda ta sake aure. Yaro ya zauna hannun matar uba. Ba ta zaginsa, ba ta dukansa, amma kuwa ba ta neman inda yake. In ya tafi wajen uwarsa, agola ne, mai gida ba ya sake masa fuska. In ya komo gidan ubansa, ya tarar an wanke tukunya.

Ran nan da dare uban ya ce, "Ina yaron nan?" Matar ta ce, "Malam, ai na zaci yana wajen uwarsa." Uwar kuwa can tana zaton yana gidan ubansa. Ashe kwanansa uku a tashar mota. Yaran tasha suka ba shi abinci da wurin kwanciya, sa'an nan suka miƙa masa tsumma da sholisho, suka ce in ya shaƙa zai manta da yunwa da sanyi. Daga nan sai wiwi, daga wiwi sai kodin. Gaskiyar Hausawa da suka ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wannan ciwo ba na gida ɗaya ba ne. A 2018 aka yi bincike a Nijeriya, aka ƙiyasta mutum miliyan 14 da 'yan kai, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun sha kayan maye cikin shekara guda. A wannan shekara kuma gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Can Amurka, tsakanin 1995 da 1997, likitoci sun tambayi mutum fiye da 17,000 irin wahalar da suka sha suna yara, rabuwar iyaye tana cikin abin da aka lissafta. Suka ga gwargwadon yawan wahalar ƙuruciya, gwargwadon haɗarin faɗawa shaye-shaye.

To, kada mai karatu ya ce duk ɗan da iyayensa suka rabu ya lalace. Da yawa sun tashi da tarbiyya, sun zama mutanen kirki. Gidan da ake kwana ana tashi da faɗa ma yana cutar yaro. Abin da ke jawo ɓarna shi ne baƙin cikin da yaro ba shi da wanda zai gaya wa, da yunwa, da rashin idon babba a kansa. Wanda ya rasa mai jansa a jiki a gida, zai samu a waje, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Shari'a ba ta bar wannan a duhu ba. A mazhabar Malikiyya uwa ce ke da haƙƙin renon ɗa namiji har ya balaga, mace kuwa har ta tare ɗakin mijinta. In uwar ta auri wani, reno ya koma hannun kakar yaro ta wajen uwa. Ci da tufa kuwa suna wuyan uba, ko ina yaron yake.

Yaron nan kawunsa ne ya nemo shi, ya kai shi asibiti, ya sa shi koyon ɗinki. Ya tara uwa da uba, ya ce, "Kun rabu da juna, amma ba wanda ya saki yaron nan. Ku faɗi yau inda zai riƙa kwana, da wanda zai ciyar da shi." An daɗe ana fama, yana bari yana komawa, kafin ya tsaya.

Saboda haka, jama'a, duk wanda zama ya ƙi masa da iyalinsa, kafin ya ɗauki alƙalami ya fara sanin gidan da 'ya'yansa za su kwana. Allah ya shirya mana zuriya. Amin.