Tanderun Mma Ya Sake Shan Wuta

A wannan wata muna roƙon ku yi haƙuri da mu, mun ajiye maganar alli da allo, mun zo da maganar burodi. Wani zai ce me ya haɗa malamin makaranta da tanderu? To, a biyo mu a hankali.

A zangon Kumasi aka haife mu, kuma da sana'ar burodi mahaifiyarmu, wadda muke kira Mma, ta ciyar da mu ta biya mana kuɗin makaranta. Tun muna ƙanana mu ne masu ɗaukar kwaɓi a ka zuwa injin murza, mu ne masu shafa mai a gwangwanaye. A wurinta muka koyi cewa sai itace ya cinye ya zama garwashi ake share tanderu, sannan a watsa ɗan garin fulawa a ƙasansa. In ya yi baƙi nan take, zafi ya yi yawa, sai a jira. Ƙamshin bota da gyaɗar ƙamshi da asuba, har yau ba mu san abin da ya fi shi daɗi ba. Mma takan ba mu labarin 1983, shekarar fari da gobarar daji, lokacin da aka koro kusan mutum miliyan ɗaya 'yan Gana daga Najeriya. Fulawa ta yi wuyar samu, tanderu ya yi sanyi. Ta ce tun daga shekarar ba ta taɓa sayar da burodi duka ba, sai ta ware na maƙwabta.

Da muka shiga kwalejin horar da malamai sai girman kai ya kama mu. A nan ƙasar gasa burodi sana'ar mata ce a idon mutane, mu kuwa muna ganin mun zama 'yan boko masu guga a riga. Ko sau ɗaya ba mu gaya wa abokan karatu sana'ar gidanmu ba. Bayan rasuwar Mma, Allah ya jiƙanta, tanderun ya zama mafakar kaji, muna wucewa ta gabansa kullum kamar ba mu san shi ba.

A ranar 30 ga Maris 2020 aka hana fita a Ankara babban birninmu da kuma Kumasi saboda cutar korona, har tsawon mako 3. Makarantu kuwa an riga an rufe su tun tsakiyar watan. Wanda yake cin na yau da abin da ya samu yau, shi ne ya fi jin jiki, musamman 'yan mata masu dako da suka zo daga arewa, waɗanda suke kwana a bakin shaguna. Wata safiya mai ɗakinmu ta ce, "Malam, ga tanderu ga hannu, me kake jira?" Muka liƙe tsagun da laka, muka hura wuta. Gashin farko ya ƙone ƙurmus, na biyu bai tashi ba, sai a na uku hannu ya tuna abin da ya sani. Muka raba wa maƙwabta da masu dako, muka kwanta da wani irin farin ciki da muka daɗe ba mu ji ba.

Da aka koma makaranta sosai a Janairu 2021, sai muka fara lura da abin da a da ba mu gani: yaron da yake gyangyaɗi tun ƙarfe 9, da wadda ba ta fita tara domin ba ta da ko sisi. Shirin ciyar da ɗalibai da gwamnati ta fara a 2005 na 'yan firamare ne, mu kuwa a ƙaramar sakandare muke koyarwa. Shekara da shekaru muna kiran irin waɗannan yara malalata, har da tsawa da horo, alhali yunwa ce. Muka ƙulla niyyar kawo burodi kowace Litinin da Alhamis.

A nan ne muka tafka kuskure. Da yake mu mutanen rajista ne, sai muka rubuta sunayen mabukata 12, muna kiransu ɗaya bayan ɗaya a gaban aji su zo su karɓa. Ba a yi mako 2 ba sauran yara suka laƙaba masa suna "burodin marayu". Wata yarinya mai ƙoƙari ta ƙi tasowa da aka kira ta, daga baya ma ta daina zuwa makaranta ranakun burodi. Mu kuwa har muna cewa a zuci ba ta da godiya.

Ranar wata Asabar kakarta ta yi sallama a gidanmu. Bayan gaisuwa ta ce, "Malam, Allah ya saka da alheri. Amma mahaifiyarka ta shekara tana ba ni burodi lokacin da mijina ya rasu, ko 'ya'yanta ba su sani ba. Ta bayan gida take aiko shi, a rufe da zane." Muka ce, "Kaka, ki gafarce mu." Ba mu iya ƙara komai ba, domin mun tuna mu ne ɗan aiken, muna tsammanin ciniki muke kaiwa.

Daga wannan rana muka yaga takardar sunaye. Muka rage girman burodin, muka ƙara yawansa, kowa a aji ya ɗauki ɗaya, har da malami. Mai hali da marar hali bakinsu ɗaya yake motsi, ba a gane wanda ya karya a gida da wanda bai karya ba. Yarinyar ta dawo, kuma daga baya ta zama cikin masu zuwa koyon kwaɓi ranar Lahadi da yardar iyayensu.

Sai ga jarrabawar 2022. Alkamarmu daga waje take zuwa, don haka da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a Fabrairu, sidi kuma ya faɗi, kuɗin buhun fulawa ya fi ƙarfin albashin malami. A Disamba na shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100. Mun bar Alhamis, muna shirin barin Litinin. Abin da ya rage shi ne mu nemi taimako, abin da ba mu taɓa yi ba. Da nauyin baki muka faɗa wa abokan aiki, Musulmi da Kirista, suka yi adashi na buhu guda kowane wata, wani mai shago ya ɗauki nauyin sukari. A ranar muka ɗanɗana abin da mai karɓa yake ji, muka kuma gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku sani 'yan'uwa, yis abu ne mai rai. Ruwan zafi yana kashe shi, sanyin hunturu yana sa shi nawa, kuma tsawa ba ta sa kwaɓi ya tashi. Sai dai a rufe shi, a ba shi ɗumi da lokaci. Wannan darasi ya bi mu har cikin aji. Yanzu in yaro ya kasa, kafin mu tambaye shi dalili mukan tambaye shi ko ya ci abinci.

Kiranmu ga jama'ar zango shi ne, kowa ya duba abin da hannunsa ya iya, ɗinki ne ko aski ko girki, ya ware wa wani kaso. Amma in za a bayar, a rufe da zane kamar yadda Mma take yi. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya sa mu dace. Wassalam.